Mu'ujiza a Gaban Likita: Bangaskiyar Kirista da Ilimin Kimiyya a Ƙasar Gwandu

Garuruwan Jega, Aliero da Maiyama, waɗanda ke maƙwabtaka da juna a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, wuri ne da tsohon ilimi da sabo suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da noman albasa da kuma ɗorin karaya, sana'ar gado wadda ke jawo majinyata daga nesa, kuma a garin ne aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a shekarar 2006, yayin da Jega ke da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya. Mafi yawan mutanen wannan yanki Musulmi ne, amma akwai Kiristoci a cikinsu, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu yi wa ƙasa hidima, wasu daga ƙasar Zuru, wasu daga kudancin Najeriya. Ɗalibin da ya saurari karatun Linjila ranar Lahadi, inda aka ce Yesu ya yi tafiya a kan ruwa, shi ne kuma zai shiga aji ranar Litinin a koya masa dalilin da ya sa abin da ya fi ruwa nauyi yake nutsewa. Tambayar yadda mutum ɗaya zai riƙe waɗannan biyu ba tare da ya yaudari kansa ba tsohuwa ce a tarihin Kiristanci, kuma amsoshin da aka ba ta ba su zo daidai da juna wajen ƙarfi ba.

Abin da ake kira kimiyya hanya ce ta neman sani wadda ta dogara ga lura da aunawa da gwajin da wani zai iya maimaitawa ya sami sakamako iri ɗaya, kuma abin da masana ke kira dokar halitta bayani ne na yadda abubuwa suka saba gudana a duk lokacin da aka duba su. Mu'ujiza kuwa, a koyarwar Kirista, aiki ne na Allah wanda ya fita daga wannan tsarin da aka saba, kuma ana ɗaukarta a matsayin alama mai nuni ga wani abu da ya fi ta girma, shi ya sa Linjilar Yahaya ta fi kiran irin waɗannan ayyuka alamu. Warkar da makafi da kutare da tayar da matattu ba baƙon labari ba ne ga Musulmin Jega ko na Maiyama, domin Alƙur'ani ya ambaci waɗannan ayyuka ga Annabi Isa da izinin Allah, kamar yadda ya tabbatar da haihuwarsa ba tare da uba ba. Inda addinan biyu suka rabu shi ne batun gicciye da tashi daga matattu, wanda shi ne ginshiƙin bangaskiyar Kirista.

Hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawowa a kan gaskata mu'ujiza ita ce ta David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotilan, a rubutun da ya wallafa a 1748. Hume bai ce mu'ujiza ba za ta iya faruwa ba. Abin da ya ce shi ne, duk wanda aka kawo wa labarinta yana da abu biyu da zai auna: a hannu ɗaya akwai shaidar dukan 'yan Adam cewa matacce ba ya tashi, a ɗaya hannun kuma akwai maganar wasu mutane ƙalilan, waɗanda za su iya yin kuskure, ko a ruɗe su, ko su ƙara gishiri saboda son abin da suka yi imani da shi. Tun da kuskure da ƙarya abubuwa ne da ake gani kullum, mai hankali zai karkata ga cewa labarin ne ya sami tangarɗa. Masu sukarsa sun lura cewa idan aka bi wannan ma'auni sau da ƙafa, babu wata shaida da za ta taɓa isa ta tabbatar da abin da bai taɓa faruwa ba, ko da ya faru ɗin. Duk da haka ma'aunin Hume yana da amfani ga mai bi fiye da yadda masu wa'azi da yawa suke yarda, domin yawancin labaran al'ajabi da ke yawo a wayoyi da tashoshin mota ba sa iya tsallake shi.

Malaman Kirista na farko ba su ɗauki halitta da mu'ujiza a matsayin kishiyoyi ba. Agustin, limamin Hippo, garin da yake Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya koyar da cewa mu'ujiza ba ta saɓa wa halitta, abin da ta saɓa wa shi ne iyakar saninmu game da halitta, kuma a ganinsa hatsin da ke tsirowa daga ƙwaya ɗaya kowace damina bai gaza ciyar da dubban mutane da gurasa kaɗan ban mamaki ba, sai dai sabo ya dushe idon mutane. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara wannan tunani ta hanyar bambanta sababi na farko, wato Allah wanda ke riƙe da samuwar kowane abu, da sabubba na biyu, wato wuta da ruwa da magani da hannun likita, waɗanda ke aiki da ƙarfin da aka halitta a cikinsu. Ana iya cewa alƙalami ne ya yi rubutu, ana iya cewa marubuci ne ya yi, kuma duka maganganun gaskiya ne ba tare da an raba rubutun gida biyu ba. A bisa wannan fahimta, bayanin kimiyya ba ya rage wa Allah komai, domin amsa wata tambaya yake yi dabam.

Almajirin da ya karanci tauhidi a zaurukan ƙasar Gwandu zai ji wannan magana ba ta yi masa nisa ba. Imam Sanusi, a sharhin da ya yi wa littafinsa Ummul Barahina, wanda aka daɗe ana karantarwa a Afirka ta Yamma, ya raba hukunci zuwa na shari'a da na hankali da na al'ada, kuma hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake gani tana maimaituwa tsakanin abu da abu, kamar wuta da ƙuna, wadda hankali bai hana ta saɓa ba. Akwai bambanci na gaske tsakanin makarantun biyu, domin malaman Ash'ariyya irin su Gazali, wanda ya rasu a 1111, sun ce wuta ba ta ƙonawa da ƙarfin kanta, Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin haɗuwarta da auduga, alhali Akwinas ya bar wa wutar ƙarfinta na halitta. Amma a aikace duka biyun sun kai ga wuri ɗaya: tsarin duniya abin dogaro ne wanda ya cancanci a yi nazarinsa, kuma riƙon sababi ba ya rushe dogaro ga Allah.

Ɗorin Aliero ya nuna yadda wannan yake a jikin mutum. Idan ƙashi ya karye, jini yakan taru ya daskare a wurin karayar, sannan a cikin makonnin farko jiki ya saƙa wani nama mai kama da guringuntsi wanda ke haɗa ɓangarorin biyu, bayan haka sinadarin kalsiyam ya riƙa taruwa a cikinsa har ya taurare ya zama ƙashi, daga nan kuma jiki ya shafe watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe wurin har ya koma kusa da siffarsa ta asali. Ga babban mutum, ƙasusuwa da yawa sukan haɗe a tsakanin mako 6 zuwa 12, na yara kuwa sun fi sauri. Mai ɗori, haka ma likitan ƙashi, ba shi ne ke haɗa ƙashin ba. Aikinsa shi ne ya mayar da ɓangarorin su fuskanci juna, ya ɗaure su kada su motsa, ya jira. Tofi da addu'ar da ke rakiyar aikin suna bayyana imanin cewa waraka ta Allah ce, kuma wannan imani bai ci karo da ko ɗaya daga matakan da aka lissafa ba.

Inda ake samun karo shi ne idan an ɗora wa albarkar gado abin da ba ta yi alkawari ba. Ɗaurin da ya matse fiye da kima a kan gaɓar da ke kumbura yana toshe hanyar jini, kuma naman da jini ya daina kai wa yana iya mutuwa cikin sa'o'i, har ta kai ga yanke hannu ko ƙafa, abin da likitocin ƙashi a Najeriya suka sha rubutawa a kansa, musamman game da yara. Karayar da ƙashi ya huda fata tana buƙatar wankewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wadda ta shiga cikin gaɓa kuma sau da yawa sai da hoton ƙashi da tiyata. A irin wannan hali amincin mai ɗori ko tsoron Allahnsa ba ya canza yadda jini ke gudana, kuma gwanin da ya san iyakar sana'arsa ya tura majinyaci asibiti bai rage wa addu'arsa daraja ba.

Tarihin mishan a arewacin Najeriya ya bi wannan hanya ta sababi. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita wa'azin Kirista a masarautun Musulmi, kuma ƙofar da ta buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM a ƙarshen shekarun 1930 ita ce kula da kutare, a sansanoni irin su Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina da Yadakunya a Kano, tarihin da Shobana Shankar ta bincika a littafin da ta wallafa a 2014. Kuturta ita ce cutar da mai karanta Linjila ya fi dangantawa da warkarwar mu'ujiza, amma masu bisharar da suka zo Amanawa da allura suka zo. Tun a 1873 likita ɗan Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar da ke haddasa ta, kuma a ƙarshen shekarun 1940 gwaje-gwajen da John Lowe ya jagoranta a Uzuakoli, a Jihar Abiya ta yau, sun nuna cewa ana iya shan ƙwayar dapsone mai arha a sami sauƙi. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, waɗanda a yau ke warkar da cutar a cikin wata 6 zuwa 12. Mishan ba ta ɓoye cewa magani ƙofar wa'azi ce ba, abin da ya bar zargi a zukatan Musulmi da yawa, amma ta fuskar tauhidi matsayinta a fili yake: ba ta ga saɓani tsakanin yi wa kuturu addu'a da ba shi ƙwaya ba. Haka kuma, daga al'ummar Kiristocin Wusasa kusa da Zariya ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Akwai wata jijiya dabam a Kiristancin Najeriya wadda ta kalli magani da idon tuhuma. Ƙungiyoyin addu'a na ƙasar Yarabawa, waɗanda ake kira Aladura, sun samo tushe a lokacin annobar mura ta 1918, sa'ad da maganin Bature da na gargajiya duka suka gaza, kuma sun bunƙasa da farkawar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba su da abokan aikinsu Turawa wajen 1940 shi ne Turawan suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, abin da wasu shugabannin suka ɗauka raunin bangaskiya ne. Majami'un Fentikos na baya, masu jaddada baiwar Ruhu Mai Tsarki, yawancinsu ba su haramta asibiti ba, wasu ma sun gina nasu, amma sun mayar da warkarwa a bainar jama'a babban abin jan mutane. Tallan taron mai wa'azi ɗan Jamus Reinhard Bonnke a Kano, a watan Oktoban 1991, yana cikin abubuwan da suka tayar da tarzomar da ta ci rayuka masu yawa, kuma a 2004 hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta hana nuna mu'ujizar da ba za a iya tabbatarwa ba. Da zarar mai wa'azi ya ce ciwon daji ya bar jikin wannan mata a daren nan, ya fita daga fagen tauhidi ya shiga fagen da hoton asibiti da gwajin jini ke da ta cewa.

Cocin Katolika ta amince da wannan tun da daɗewa, kuma tsarin da ta kafa a Lourdes ta ƙasar Faransa shi ne misali mafi tsauri na gabatar da mu'ujiza gaban likita. Tun bayan da wata yarinya mai suna Bernadette Soubirous ta ce ta ga Maryamu a wurin a 1858, miliyoyin masu ziyara ke zuwa, kuma a 1883 aka buɗe ofishin likitoci don bincikar masu cewa sun warke. Sharuɗɗan da ofishin ke bi sun samo asali ne daga rubutun Prospero Lambertini, wanda ya zama Fafaroma Benedict na 14 a 1740: cutar ta kasance mai tsanani kuma an tabbatar da ita kafin warakar, kada a iya jingina sauƙin ga maganin da aka sha, ya zo farat ɗaya, ya cika, kuma ya ɗore, abin da ke sa a shafe shekaru ana bibiyar mutum. Daga cikin fiye da mutum 7,000 da suka kai rahoto, kimanin 70 ne kawai aka amince da su. Likitocin ba sa furta cewa mu'ujiza ce, iyakarsu su ce ilimin yau bai iya bayanin abin ba, sai bishop na yankin da mutumin ya fito ya yanke hukunci na addini. Mai shakka zai ce, da gaskiyarsa, akwai cututtukan da kan lafa da kansu jefi-jefi, kuma abin da ba a iya bayaninsa bana ana iya yi baɗi. Sai dai tsarin da ke watsar da 99 cikin 100 na abin da aka kawo masa ya fi kusa da halin masanin kimiyya fiye da dandalin da ke karɓar kowace shaida da tafi.

An kuma gwada auna addu'a kanta. A wani bincike da Herbert Benson ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2006, an raba majinyata 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya gida uku, kuma matsalolin bayan tiyata sun sami kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka yi wa addu'a ba su da tabbaci, da kashi 51 na waɗanda ba a yi wa ba, da kashi 59 na waɗanda aka sanar da su cewa ana yi musu. Binciken ya rushe tunanin cewa addu'a tana aiki kamar ƙwayar magani, a ba da adadi kaza a sami sakamako kaza, kuma malaman tauhidi da yawa ba su yi baƙin cikin hakan ba, domin roƙo ne ake yi ga mai iko da zaɓi, kuma Linjila da kanta ta ruwaito cewa Yesu ya ƙi ya diro daga kan haikali don a gwada Allah.

Wannan muhawara tana da farashi a yankin da ake magana a kansa. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, akasarinsu a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero. Yankin yana cikin zirin ƙasashen da ya miƙa daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi a lokacin rani da ƙura, kuma ƙwayar da ke kumbura rigar ƙwaƙwalwa da laka tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya bayan zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya sun bayyana. Allurar kashe ƙwayoyin cuta tana ceton mafi yawan waɗanda aka kai da wuri, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Iyalin da suka kwana suna jiran fasto ko malami kafin su nufi asibiti sun yi hasarar sa'o'in da babu koyarwar Agustin ko ta Sanusi da ta nemi su bayar.

Kuskuren da masu kare addini suka fi faɗawa shi ne ajiye Allah a gurbin da kimiyya ba ta cike ba tukuna, domin gurbin yakan cike. Isaac Newton ya yi zaton sai Allah ya riƙa gyara tafiyar duniyoyi lokaci-lokaci, daga baya lissafin Laplace ya nuna ana iya bayanin daidaituwarsu ba tare da wannan gyara ba. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda a 1927 ya nuna da lissafi cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, bai ji daɗi ba sa'ad da Fafaroma Pius na 12 ya gabatar da wannan ilimi a 1951 kamar hujjar labarin halitta, domin ya san nazariyya tana iya canzawa, kuma bangaskiyar da aka jingina da ita za ta faɗi tare da ita.

Duk wannan bai warware batun tashin Yesu daga matattu ba, kuma a nan ne malaman Kirista na ƙarni na 20 suka rabu. Rudolf Bultmann, Bajamushe, ya yi jayayya a 1941 cewa mutumin da ke amfani da lantarki da rediyo da asibitin zamani ba zai iya komawa duniyar ruhohi da al'ajabai ta Sabon Alkawari ba, don haka a nemi ma'anar labaran a bar zahirinsu, ra'ayin da bai sami kasuwa a majami'un Afirka ba. John Polkinghorne, wanda ya ajiye kujerar farfesan fiziya a Jami'ar Kambirij a 1979 ya zama limamin Angilikan, ya bi wata hanya: ya kawo misalin abin da Kamerlingh Onnes ya gano a 1911, cewa wasu ƙarafa idan aka sanyaya su matuƙa sukan daina tare wutar lantarki gaba ɗaya, halin da babu wanda ya zata, alhali dokokin halitta ba su canza ba, yanayi ne ya zama sabo. A ganinsa haka Allah mai daidaito zai iya yin sabon abu a sabon yanayi ba tare da ya saɓa wa kansa ba. Misalin yana nuna cewa gaskata tashin ba wauta ba ce, amma bai tabbatar da shi ba, domin gwajin Onnes duk ɗakin bincike mai kayan sanyaya ƙarfe zai iya maimaita shi, tashin kuwa da'awa ce game da abin da ya faru sau ɗaya a Urushalima, wadda ta dogara ga wasiƙun manzo Bulus da ruwayoyin Linjila huɗu da kuma yadda mai karatu ya auna amincin waɗanda suka ba da shaidar.